Sikelin Madam da Tukunyar Babarbare

Abu na farko da aka raba ni da shi a ƙasar Indiya kifina ne. Ma'aikatan filin jirgi ba su taɓa shi ba, sun dai shinshina kwalin, suka yamutsa fuska, suka turo min abina. Ɗan ƙasarmu ne ya cinye shi.

Sunansa Saminu, amma ba ya waiwayowa sai an ce Kwamared. Shi ne shugaban ɗaliban Najeriya a jami'ar da na je, wata jami'ar kuɗi a kudancin ƙasar, kuma duk talakawan da yake mulka ba za su cika bas ɗaya ba. Ya zo tarbata cikin kwat, gumi na tsiyaya, da wani kati rataye a wuya. Da muka isa masauki ya ga kwalin bandar da Inna ta sa aka zaɓo min a kasuwar kifi ta Haɗejiya, sai ya gyara murya ya ce dokar gari ta hana ajiye busasshen kifi a ɗaki, amma ƙungiya tana da wurin adana irin waɗannan kaya. Baƙo makaho ne ko da idonsa, na miƙa masa har da godiya. Ba a yi nisa ba na bi ta ƙofar ɗakinsa na ji ƙamshin miyar tarwaɗar garinmu, na gane inda ƙungiya take ajiya.

Wannan ƙaramin alhaki ne. Babban yana wuyan wani dillalin karatu a Kano, mai ofis da labule har ƙasa, wanda ya rantse min cewa tallafin da ya samo min cikakke ne: makaranta, ɗaki, abinci, komai. Da na je ofishin jami'a sai aka nuna min cewa kuɗin makaranta kaɗai aka ɗauke min. Na kira dillalin ya ce kuskure ne, za a gyara. Na sake kira ya ce yana taro. Daga nan lambarsa ta rasu.

Ni malamin gona ne a Auyo, na ajiye aiki ba albashi na tafi neman digiri na biyu. Baffa ya fitar da karsanoni daga garkensa na wajen garin Malam Madori ya sayar don kuɗin jirgi, kuma mutumin da ya san Bafillatani ya san abin da hakan ke nufi. Tun kafin in tashi 'yan unguwa sun fara kirana Dokta. To da wane bakin zan kira gida in ce a ƙaro? Na kama ɗaki a saman shagon wani mai faci, na lissafa abin da ke hannuna, na ga in na biya haya abin da zai rage ba zai ciyar da kaza ba.

Na fara da shayi da burodi. Na koma farar shinkafa da gishiri da yajin gida, sau ɗaya a rana. Da yaji ya ƙare aka bar ni da gishiri. Akwai wani tsoho mai shayi a bakin titinmu, ba ya jin Turanci, ni ba na jin yarensa. In na sayi kofi ɗaya sai ya ajiye biskit biyu a gefe, ya juya baya yana wanke abin da ba ya buƙatar wanki. Har na bar ƙasar bai taɓa haɗa ido da ni a kan biskit ɗin nan ba. Ban ga mai hankalinsa a cikin masu digiri ba.

Mai karatu zai ce don me ban faɗa wa kowa ba. A gidanmu ba a cewa ana jin yunwa. Fulako ke nan: ba ka ci a gaban mutane, ba ka roƙo, in an yi maka tayi ka ce alhamdulillahi ko da hanjinka na kuka. Ban da haka ga Kwamared. Sana'arsa ce buɗe gidauniya. Duk ɗalibin da ya shiga matsala, sai ya ɗauki hotonsa a lokacin da ya fi muni, ya saka a zauren waya da dogon bayani, a tara, ya cire na ɗawainiya, ya miƙa sauran a gaban kyamara yana murmushi. Hoton da aka saka da safe, kafin azahar ya isa Kano, kafin la'asar yana Haɗejiya. Na ƙudurta a raina cewa ko zan faɗi a titi, Baffa ba zai ga hoton ɗansa ana tara masa kuɗin abinci ba. Abin da nake so kawai in kai ƙarshen zangon nan a tsaye, ba wanda ya sani.

Sai na fake da azumi. Litinin da Alhamis da farko, daga baya kullum. 'Yan uwana 'yan boko suka sa min suna Ustaz, suna kawo min mafarkansu in fassara. Ranar Babbar Sallah Kwamared ya tara mu a ɗakinsa, ga nama, ga lemo, na zauna a bakin ƙofa na ce cikina ba daɗi. Wani ya ce, "Ustaz kamar ya rame." Kwamared da ƙashi a baki ya ce, "Haba, Bafillatani ne fa. Ka taɓa ganin mai ƙiba? Haka Allah ya yi su." Aka yi dariya, aka ci gaba da tauna. Raina ya yi sanyi da ba su gane ba, kuma na raina su a kan hakan, duk a lokaci guda.

A cikinsu akwai wanda ya fi kowa ba ni haushi, wai shi Bukar, Babarbaren Guri. Ƙato ne, in ya zauna a kujerar aji sai ta yi ƙara, muryarsa kuwa ta masu kiran kwalekwale daga wancan ƙetaren. Tun ranar da ya ji ni Bafillatanin Haɗejiya ne ya samu abin yi. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasan da muka gada, kowa na cewa ɗaya bawansa ne, kuma ba a fushi. Shi ya ɗauki abin kamar aikin gwamnati, da gaisuwar yarensu yake fara tsokanata.

"Wushe, Fulata! Bawana, har nan ka biyo ni? Wa ka bar wa shanun?"

"Na bar wa kawunka," nakan ce, "tunda ba ku da aiki sai cinikin kanwa."

Ban taɓa ɗaukarsa da wani nauyi ba, in ka cire na jikinsa.

Darasin da ya haɗa mu shi ne gabatarwar ƙididdiga, dole ne ga kowa, ko mai karatun gona ko na magani. Malamarmu Madam Latha, 'yar guntuwar mata mai furfura, ba ta dariya, ba ta kuma ɗaga murya. Ranar farko ta shigo aji rungume da sikelin awon mutum. Ta ce ba za ta ba mu lambobin littafi ba, da jikinmu za mu yi karatu. Kowane wata za a auna kowa, sau huɗu a zangon, don a ga ko zaman makaranta na canza nauyin ɗalibi. Kowa ya zari lambar sirri daga kwali, kana hawa sikelin a bayan labule, ka rubuta lambarka da nauyinka, ka jefa. Na ce a raina, na ƙetare teku, an sayar da karsanoni, don a ɗora ni a sikeli kamar buhun shinkafa shanshara.

Awo na farko ban damu ba. Ni dogo ne, ƙashi ya ba ni nauyi, na faɗo tsakiyar aji. Awo na biyu na ga allurar ta ja baya, na ce takalmi ne. Kafin na uku na riga na ari ƙusa wajen mai faci na huda sabuwar ƙofa a bel ɗina, agogona kuma ya koma yawo tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Matakalar ajinmu sai na huta a tsakiya, ina yi kamar ina duba waya. Da na hau sikeli na uku na ga abin da ya nuna, na daɗe a bayan labulen. Na so in rubuta ƙarya, amma mai azumin ƙarya ma yana da iyakar da ba ya wucewa. Na rubuta gaskiya na jefa.

Bayan awo na uku Madam ta raba mu rukuni-rukuni mu gwada nazari kafin na ƙarshe. Tsautsayi ya haɗa ni da Kwamared da Bukar. Kwamared ya naɗa kansa shugaba, ya janye kwamfuta gabansa. Akwai hanyar da aka koya mana, sunanta ANOVA, wadda ake kwatanta matsakaicin rukunoni da ita: a duba tazarar da ke tsakanin rukuni da rukuni, a gwada ta da warwatsuwar da ke cikin kowane rukuni, in ta farkon ta rinjayi ta biyun sosai sai a ce akwai bambanci na gaske. Kwamared ya zuba wata uku a matsayin rukuni uku, ya danna, ya miƙe a gaban aji ya sanar da cewa bincikensa ya tabbatar babu abin da ya canza. Har da cewa "bincikena".

Madam ta dube shi ta saman tabarau. Ta ce, "Mutanen da ka auna a wata na biyu, baƙi ne?"

"A'a, Madam, mu ne."

"To don me ka gaya wa kwamfuta cewa baƙi ne?"

Sai ta yi bayani, ni kuma duk da jirin da nake ji na saurara. Hanyar da Kwamared ya bi ta mutane daban-daban ce, kowa a auna shi sau ɗaya. A ajinmu akwai ƙato irin Bukar, akwai 'yan matan da iska za ta iya ɗauka. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ta fi ƙarfin duk wani ɗan canjin da wata ɗaya zai kawo, don haka ta danne shi, ba a ganinsa. Amma tunda mutum ɗaya aka yi ta aunawa, akwai ANOVA ta awo mai maimaituwa. Ita tana fara ware ginin jikin kowa ta ajiye gefe, ƙato da ƙatancinsa, siriri da sirantarsa, sannan ta tambayi abin da ya rage: kowane mutum, in aka gwada shi da kansa na watan jiya, ina ya nufa? In yawanci sun nufi wuri ɗaya, to wata ya yi aiki.

Ban sha wahalar gane wannan ba, domin a makon nan Inna ta kira ni. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, ba ta kuma tambayata ko na ci abinci, kunya ba za ta bari ba. Labarin ruwa ta ba ni. Ta ce kogi ya kawo, Baffa ya kafa kara a bakin ruwa a gonarsa ta fadamar Auyo, da aka wayi gari ruwan ya wuce karan, an fara kwashe kaya zuwa tudu. Haka ake yi a wajenmu. Ba wanda ke zuwa Guri ya auno zurfin ruwansu don ya san ko na Auyo na ƙaruwa. Kara ɗaya ake kafawa, a yi ta dawowa ana duba shi.

Madam ta sake zuba lambobin ta hanyar da ta dace, ta haska majigi. Wannan karon ba ta nuna matsakaici kaɗai ba, ta ja wa kowane mutum layinsa daga wata na farko zuwa na uku. Layuka suka cika bango, kusan duka suna ɗan ɗagawa sama, 'ya'yan mutane sun samu shinkafar ɗakin cin abinci. Sai guda ɗaya da ya taso daga tsakiya ya gangaro, ya ratsa na wasu, ya nufi ƙasa ba birki. Kowa ya zuba wa layin ido. Ni kuwa na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Kwamared ne ya fara farfaɗowa. Ya ce wannan layin ne ke ɓata sakamako, don ya saɓa wa kowa, ya kumbura kuskuren lissafi, a goge shi kawai a huta. A nan na ba kaina mamaki. Na ɗaga hannu, ni da ban taɓa magana a ajin ba, na ce ina goyon bayan Kwamared, tabbas kuskuren awo ne, wataƙila wani ya karanta sikelin a karkace. Ban taɓa zaton zan goyi bayan mutumin nan a kan komai ba, sai ga shi ina roƙon a share ni.

Madam ta ce, "Ba a goge lamba don ta ba mutum haushi. Kuskuren karatu yana faruwa sau ɗaya, ba ya bin layi wata bayan wata. Ko dai sikelina ya lalace wa mutum ɗaya tak, ko kuma akwai wanda ba shi da lafiya a ɗakin nan. Ofishina a buɗe yake." Ta ƙara da gargaɗi cewa kada kowa ya yi fashin awo na huɗu, domin wannan hanyar ba ta karɓar mutum da giɓi. Wanda ya rasa awo ɗaya, kwamfuta za ta fitar da shi gaba ɗaya, kamar bai taɓa hawa sikelin ba.

Wannan maganar ta ƙarshe ita na riƙe. Na ce shi ke nan, ranar awo na huɗu ba ni da lafiya, layina ya ɓace, a rufe babin.

A waje Kwamared ya riga ya fara farauta. Idonsa na ƙyalli, yana cewa in ɗan Najeriya ne dole ƙungiya ta shigo ciki, a buɗe gidauniya. Wani ya ce ko Ustaz ne. Ya ce, "Kai ma dai! Ustaz me yake da shi da zai zubar? Wannan layin daga tsakiya ya taso, mai jiki ne." Ya tafi yana zargin wata baiwar Allah 'yar Tanzaniya. Bukar kuwa ba ya cikin farautar. Agogona yake kallo.

Kwanaki kaɗan bayan haka aka shiga Muharram. Ranar cika-ciki, bayan sallar magariba, ina zaune da kofin ruwa da biskit ɗin tsoho, na ji matakala na kuka. Ba sallama ba komai ya turo ƙofa da ƙafa, hannunsa riƙe da tukunya an naɗe ta da tawul.

"Fulata, na zo karɓar kuɗin shara."

A al'ada ranar ce abokan wasa ke bin juna kuɗin shara, kuma ranar ce ake ci har a kasa tashi. Na ce, "Bawa ne ke biyan ubangidansa. Ajiye ka fita."

Ya zauna a kan katifata ba a ba shi izini ba, ya dubi ɗakin: risho ba kalanzir, tukunya a kife, buhun shinkafa ya kwanta. Ya buɗe tasa. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, har da man shanu, ban san inda ya samo ba. Ƙamshin ya bugi fuskata, sai da na dafa bango.

"Alhamdulillahi," na ce, "yanzu na gama."

"Na gani. Ga kwanukan nan duk maiƙo." Ya wanke hannu. "Ba za ka zo awo na huɗu ba ko?"

Na kau da kai, na kurɓi ruwana.

"Wallahi Fulani ba ku da wayo, in ban da na saniya. Ajin nan kowa zai zo, Madam ta tsorata su. Kai kaɗai za ka yi fashi, layi ɗaya zai ɓace. Ko Kwamared da kansa ya isa ya haɗa wannan lissafin. In kuma ka zo a haka, layin ya ƙara nutsewa, Madam za ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, ko ka faɗi a matakala a ɗauke ka a hoto. Gaba kura, baya sayaki."

"Ba ni ba ne."

"Na sani, ba kai ba ne. Wani Bafillatanin ne mai irin agogonka." Ya gutsuri tuwo. "Hanya ɗaya ta rage wa mutumin nan. Layin ya juyo da kansa, a ce sikeli ne. Layi kuwa ba ya juyowa da girman kai. Girman kai rawanin tsiya, in ji Hausawan da muke mulka ni da kai."

Na ce masa ban ƙetare teku don in ci sadakar Babarbare ba. Na faɗa da zafi, ina nufin ya ji ciwo. Ko gezau.

"Sadaka? Wa zai ba bawansa sadaka? Ni kwamfutar nan ba ta shiga kaina, kai na ga kana ganewa. Daga yau kullum bayan magariba za ka zo ɗakina ka yi min aikin Madam, har in ci jarrabawa. Aikin bauta ne, ba lada. Amma mu Barebari ba ma barin dabbarmu da yunwa, kada ta mutu mu yi asara. Kuma yau cika-ciki, wanda bai ƙoshi ba haka zai ƙare shekara. Matso."

Da wani ne ya zo min da tausayi, da sanyin murya, da "Allah sarki", wallahi da na kore shi na kwana da ruwa. Amma zagi ne, daga bakin wanda kakanninmu suka ba shi izinin zagina, kuma ba a fulako da abokin wasa. Ya juya min baya yana latsa waya, wai yana neman wata lamba. Na matsa. Loma ta farko da ta sauka sai hawaye ya zubo min, na ce yajinsa ne ya yi yawa, Barebari ba su iya miya ba. Ya ce haka ne, ba tare da ya waiwayo ba.

Haka muka yi har ƙarshen zango. Kullum in je, in tarar da tukunya, ya ce shi ya riga ya ci nasa tun la'asar, in yi sauri in gama mu fara aiki. Dakikanci kuwa ba na wasa ba ne, yana da shi. Sai da na yi masa bayanin kara da bakin ruwa sau ba adadi kafin ya daina zuba watanni a matsayin baƙi. Akwai wani sharaɗi mai dogon suna da ke cewa warwatsuwar bambancin kowane wata biyu ta yi kusan daidai, wannan kam na haƙura, na ce ya haddace kawai. Yana biyana da zagi, ina rama masa. 'Yan uwanmu suka ce Ustaz ya sassauta ibada, Babarbare ya lalata shi.

Ranar awo na huɗu na hau matakala ban huta ba. Allurar ba ta koma inda ta fara ba, amma ta daina gudu, ta ɗan dawo. Da aka haska majigi a darasin ƙarshe, layin nan da ya gangaro ya lanƙwasa ya kama hawa. Kwamared, wanda shi ya gabatar da aikin rukuninmu ko da yake bai taɓa ko maɓalli ɗaya ba, ya nuna shi da sanda ya ce, "Kamar yadda na faɗa tun farko, matsalar sikeli ce, ga shi ta gyara kanta." Aka tafa masa. Madam ta dubi layin, ta dubi ajin gaba ɗaya ba ta tsaya a kan kowa ba, ta ce ta ji daɗin ganin sikelinta ya samu sauƙi. Daga nan ta wuce zuwa matsakaicin aji, wanda ya ɗan ɗaga kamar yadda kowa ya zata.

Ni ban bi ta zuwa matsakaici ba. An koya min in bi kowane layi shi kaɗai, sai na bi su. A can saman bango akwai layin da ya fi kowanne tsawo, wanda ba ya buƙatar lambar sirri don duk ajin mutum ɗaya ne ke da wannan nauyin. Wata uku yana hawa abinsa. A wata na huɗu ya karyo ƙasa, kusan daidai da abin da nawa ya ɗaga. Ba wanda ya kula. Ƙato ne, yana da abin zubarwa, haka za su ce in ma sun gani. Sai a lokacin na tuna ban taɓa ganin tukunya ta biyu a ɗakinsa ba, ban kuma taɓa ganin kwanon da ya ci nasa tun la'asar ba. Daga baya na ji cewa dillalinmu ɗaya da shi, mai labule har ƙasa.

Na same shi a bakin matakala yana ɗaure igiyar takalmi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na tsaya a kansa.

"Babarbare," na ce, "ka rame."

Ya ɗago ya harare ni. "To ya zan yi? Bawa na saya, ashe mai ci ne."

Ban yi masa godiya ba, don da na yi da ya zage ni da gaske. Zango na gaba Madam ta ɗauke mu mu biyu aikin shigar da lambobi a sashenta, ba ta faɗi dalili ba, ba mu tambaya ba, da wannan muka ƙarasa. Baffa ya rasu bai taɓa ganin hotona a gidauniyar kowa ba. Kwamared yanzu mai ba wani babba shawara ne, na ji a rediyo yana cewa "bincikena".

Duk shekara ranar cika-ciki nakan shiga kasuwar kifi in zaɓi bandar tarwaɗa kwali guda, in ɗaure a bayan babur, in kama hanyar Guri, in ruwa ya yanke hanya in shiga kwalekwale. Yakan fito ƙofar gida yana ihu unguwa ta ji, wai bawansa ya kawo haraji. Ina barinsa ya faɗa. Sai in zauna a zaure in hana a kawo min komai, har sai na ga ya ci nasa a gabana.